Gidan Dambe: Wasan Mahauta Da Ya Zama Hanyar Abinci

A ƙasar rake, watau Gubuchi da Makarfi da Ikara da Kudan, kuɗi ba su cika sauka hannun talaka ba sai kaka ta yi. Sa'an nan ne ake jin kalangu da la'asar, kuma sa'an nan ne saurayi mai son dambe yakan fara tunanin ko abin da yake ƙauna zai iya ci da shi.

Asalin dambe wasan mahauta ne. Bayan girbi sukan bi garuruwa, su yi fawa da rana, da yamma su ɗaure hannu da zare su kara da 'yan gari. Babu ƙofa, babu kuɗin shiga. Ladan ɗan dambe shi ne karin da 'yan kallo suka yi masa, da sunan da makaɗa suka kai masa nesa, kamar yadda Ɗan Anace ya kai sunan Shago inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Ran da aka kewaye fili aka zaunar da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, ran nan wasa ya zama ciniki. Haka aka samu gidajen dambe irin na dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja. An kasa 'yan wasa uku, Kudu da Arewa da Guramada, kowane ɓangare da magoya bayansa, wanda aka kashe masa gwani yau kuwa ba ya barci sai ya komo gobe neman fansa. A 2017 wasu samari biyu a Ikko suka kafa Dambe Warriors, suna ɗaukar hoton wasan suna sawa a YouTube, har mutanen ƙasashen waje suka shiga kallo.

Amma fa 'yan kasuwa su dubi lissafin da kyau. Mai gidan dambe shi ke sauke 'yan wasa, ya ci da su, ya sallami makaɗa da alƙalin wasa, ya yi jinyar wanda aka fasa wa baki, alhali bai san abin da ƙofa za ta kawo ba. Hadari ɗaya ya isa ya kore ribar yini. Mafi wuya duka, hajarsa tana da ƙafa: jama'a gwani suke bi, ba fili ba, gwanin da aka yi wa jinkirin sallama kuwa da asuba ya tashi zuwa wani gida, taronsa na biye.

Malamai kuma suna da tasu magana, ba kuwa a rasa gaskiya cikinta ba: caca da ke laɓewa a gefen fili, da guraye da layun da ba a san abin da ke ciki ba, da turmin da ake ja har magariba ta wuce.

Birni yana ɗaukar dambe kullum, gama baƙi ba su yankewa. Gubuchi kuwa ƙasar manoma ce, da ruwa ya sauka 'yan kallo da 'yan wasa duk suna gona. Wanda zai kafa a can, watannin rani kaɗai gare shi, daga saran rake zuwa sharar gona.