Abin Da Matuƙin Jirgin Sama Yake Duba A Gusau

'Yan'uwa manoma, yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin sama ba. Sai dai mu ɗaga kai daga kan kunya mu ga yana wucewa. Amma sararin da matuƙin jirgi yake bi, shi ne yake ba mu ruwa, shi ne kuma yake hana mu. Gusau tana da ƙaramin filin jirgi tun da daɗewa, a shekarar 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina babban fili. Saboda haka ya kamata mu san abin da matuƙi yake dubawa kafin ya sauka a ƙasarmu, gama akwai abin koyo a ciki.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, babban abokin gāban matuƙi shi ne hazo. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso ƙurar nan, yawancinta daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau a ranar da hazo ya yi kauri ya san har Dutsen Kwatarkwashi yakan ɓace wa ido. To, mutumin da ke sama yaya zai ga hanyar sauka? In nisan da ido yake kaiwa ya kasa abin da doka ta yanka, ba ya sauka. Yakan jira, ko ya juya zuwa Sakkwato ko Kano.

Da bazara, a watan Maris da Afrilu, zafi yakan kai awo 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ɗaukar fukafukan jirgi da kyau, injin ma ƙarfinsa yakan ragu. Dole jirgi ya yi doguwar gudu kafin ya tashi, ko a rage masa kaya. Shi ya sa ƙananan jirage suka fi son tashi da sassafe.

Da farkon damina kuwa, hadari yakan taso daga gabas da guguwa a gabansa, irin wadda take yaye jinka. Matuƙi ba ya kutsa kai cikin irin wannan gajimare, yakan kewaye shi. Kullum kuma yana tashi yana sauka fuskarsa na duban iska. Akwai wata jaka mai kama da hannun riga da ake ratayewa a kan sanda a bakin fili, ita take nuna masa inda iska ta nufa.

Wannan ba wasa ba ne. Ran 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya kasa zuwa Ikko saboda rashin kyawun sama, aka juya shi Kano. Wajen sauka ya yi hatsari, mutum 176 suka rasu. Dattawanmu ba su manta da shekarar nan ba, gama a cikinta ne fari ya cinye gonakin Arewa.

Matuƙi ba ya aiki da tsammani. Akwai tashar auna yanayi a Gusau, ta hukumar NiMet, inda ake rubuta ruwa, da zafi, da ƙarfin iska kowace rana. Mu fa? Sau nawa ruwan fari ya ruɗe mu a watan Mayu, muka zuba gero da dawa, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, iri ya ƙone a ƙasa? Wanda ya ci bashin iri a ƙungiya, ga bashi a wuyansa, ga gona fayau. Ƙasarmu tana samun ruwa wajen inci 35 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ruwan ya isa, in ba mu yi gaggawa ba.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiyar gama kai a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ta yi kafin damina. A nemi gwangwani mai miƙaƙƙen baki, a kafa shi a fili a harabar majami'a, nesa da itace da indararo. A sa mutum ɗaya ya riƙa auna ruwan da rula kowace safiya, ya rubuta a littafi, a karanta wa jama'a ran Lahadi bayan sujada. Kada a fitar da irin ƙungiya sai an sami wajen inci ɗaya cikin kwana biyu, an kuma tona an ga laima ta shiga ƙasa sosai. Mai feshin magani ya ɗaura tsumma a kan kara a bakin gona. In tsumman yana kaɗawa da ƙarfi, ya ajiye famfonsa sai safiya, don kada maganin ya koma fuskarsa ko gonar maƙwabci.

Akwai kuma hakkin da ke kanmu. Hayaƙin ƙunar daji yana ƙara wa hazo duhu, yana kuma ƙone abin da zai zama taki. Waɗanda gonakinsu ke kusa da filin jirgi su tsare dabbobinsu, kada kuma a zubar da shara ko mushe a wurin, gama suna jawo ungulaye da shirwa, tsuntsu ɗaya kuwa yana iya lalata injin jirgi.

Allah ne mai ba da ruwa, amma ya ba mu ido da hankali. Yusufu a Masar bai hana yunwa zuwa ba, shiri ya yi mata. Ƙungiyar da ta fara riƙe littafin ruwa ta aiko mana da abin da ta rubuta a ƙarshen kaka, za mu buga domin sauran 'yan'uwa su gani. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka. Amin.