Sujada Biyu, Gida Ɗaya

Ranar Lahadi, a yawancin manyan majami'un ECWA da COCIN na Jos da Kaduna da Kafanchan, sujada biyu ake yi: ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa. Matasa su cika ta Turanci da jita da lasifika. Iyaye kuma su jira ta Hausa, Littafin Waƙoƙi a hannu, matan Zumunta cikin ankonsu suna kaɗa tulu. Gida ɗaya aka fito, amma da rana idan aka hallara a gindin tukunya, uba bai ji wa'azin da ɗansa ya ji ba.

Wannan rabuwa ita ce ta fi wahalar da duk wanda aka ɗora wa jagorancin matasa, kuma ba kasafai ake ambatarta a taron dattawa ba. Hausa ce ta reni waɗannan ikkilisiyoyi. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, da shi Berom da Bajju da Tangale da Bura suka koyi karatu, da shi suka yi addu'a tare duk da bambancin harsunansu. Sunayen ma shaida ne: EYN, wadda ta samo tushe a Garkiɗa a 1923, Ekklesiyar 'Yan'uwa take nufi. To ga jikokin waɗancan mutane, makaranta ta ba su Turanci, suna jin Hausar kasuwa, amma ka miƙa wa yaro Zabura ya karanta a gaban jama'a, sai gumi ya keto masa.

Jagoran matasa ya zama ɗan aike tsakanin ɓangarori biyu. Dattawa su kira shi: "Malam, kiɗan yaran nan ya yi yawa, coci ne ko gidan biki?" Yara su tare shi a bakin ƙofa: idan an hana su, akwai sabuwar majami'a a bayan layi da ke maraba da su. Ba barazanar banza ba ce, suna tafiya. Shi kuwa galibi ba albashi yake karɓa ba. Malamin makaranta ne ko ɗalibi mai jiran aiki, kuma kason matasa a baiko sai abin da ya rage bayan ginin coci da kuɗin fasto.

Iyaye ma suna da nasu laifin, a ganina. Da yawa sun ɗauka Makarantar Lahadi da Brigade sun ɗauke musu nauyin tarbiyya. Awa biyu a mako ba za ta yi gogayya da wayar da ke ƙarƙashin matashin kai kowane dare ba. Yarinya ta yi ciki, a dakatar da ita daga cin jibi, a kira jagora a tuhume shi, alhali addu'ar iyali ta mutu a gidansu tun tana aji uku.

Sannan ga tsaro. Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, waɗanda akasarinsu 'ya'yan EYN ne, da mamaye hedikwatar ikkilisiyar a Kwarhi a Oktoban shekarar, wace uwa za ta saki ɗiyarta zuwa kwanan addu'a ko taron zumunta a wani gari da kwanciyar rai? Tarurrukan da a da ake kwana uku ana yi, wurare da dama sun koma na yini guda, a watse kafin magariba.

Wasu fastoci sun fara haɗa sujadar biyu lokaci-lokaci. Ba ta tafiya sumul: mai fassara ya ja lokaci, tsofaffi su yamutsa fuska saboda ƙarar ganga. Amma a irin wannan rana ne za ka ga saurayi ya tsaya yana karanta nassi da Hausa yana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, kakarsa a benci na gaba tana gyara masa a hankali.