Ƙudan Da Ke Ruɓar Da Kankana Da Duma A Ƙasar Katagum

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwanmu da ke sauke lodin kankana a kasuwar Mile 12 ta Ikko ko Bodija ta Badun sun san wannan takaici: a fasa kankana mai kyan baya, sai a tarar cikinta ya narke, ga tsutsa na yawo. Yawanci akan ɗora laifin a kan zafin mota da nisan hanya. To, ɓarnar nan tun daga gona ta faro, kuma wani ɗan ƙuda ne ya yi ta.

A Sakwa ta Ƙaramar Hukumar Zaki, cikin masarautar Katagum, da sauran garuruwan fadamar kogin Jama'are, kankana da kabewa da gurji da guna da duma duk dangi ɗaya ne a wurin wannan ƙuda. Girmansa ya ɗan ɗara na ƙudan gida, launinsa ja-ja ne mai ratsin ɗorawa, da ɗigon baƙi a fiffike. Masana suna ce da shi Zeugodacus cucurbitae. Asalinsa daga wajen ƙasar Indiya ne. An gan shi a Tanzaniya a 1936, kana ya ɓullo Afirka ta Yamma wajen 1999, har ya shigo Nijeriya. Ko kafin zuwansa muna da namu na gida, dangin Dacus, waɗanda aikinsu ɗaya ne da nasa.

Macen ce mai ɓarna. Tana da wani ɗan tsinke a bayanta, da shi take huda fatar ɗan kankana tun yana danye sharaf, ta zuba ƙwai a ciki. Cikin kwana ɗaya ko biyu sun ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi kamar mako guda tana cin naman, sa'an nan ta fito ta faɗa ƙasa, ta naɗe cikin ɗan ƙwanso kamar ƙwayar alkama. Bayan wani makon sai ga sabon ƙuda. Watau a lokacin zafi, cikin mako uku an yi 'ya'ya, alhali mace guda tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa.

Mai duma shi ya fi shan wuya. Ɗan duman da aka huda ko ya faɗi, ko ya tashi a karkace da tabo, kuma ba mai sayen ƙwarya ko gora ko ludayi mai yoyo.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda manomi zai aiko wa ɗan'uwansa na Kudu cewa a turo kuɗin maganin feshi, amma ruɓaɓɓun 'ya'ya na zube a kunya ya tsallake su ya wuce. Feshi ba ya isa ga tsutsar da ke cikin kankana, balle wadda ta shige ƙasa. Kowace ruɓaɓɓiya da aka bari gidan renon ƙuda ce. A riƙa tsince su sau biyu ko uku a mako, a binne a rami mai zurfin ƙafa biyu a danne, ko a ɗaure su tam cikin baƙar leda a bar su a rana kwanaki, zafi ya kashe tsutsar. Wurgawa bayan shinge ba magani ba ne.

Akwai kuma dabarar tarko. Wani sinadari da ake kira Cue-lure yana janyo mazan su faɗa cikin gora su mutu. Ƙudan nan kuma yakan huta a jikin masara ko dawa da ke gefen gona, saboda haka malaman gona sukan ba da shawarar a yayyafa abincin yaudara mai guba a can, maimakon a wanke gona duka da magani a hallaka ƙudan zuma da ke yi wa furen barbara.

Mutanen tsibiran Okinawa na ƙasar Japan sun gama da shi ƙurmus a 1993, bayan kusan shekara ashirin suna sakin biliyoyin ƙudaje da aka mayar juya. Su teku ta kewaye su. A fadamar Katagum kuwa gona na manne da gona, ƙuda kuma bai san iyaka ba. Don haka idan za ku aika kuɗin noman rani bana, ku haɗa da saƙon cewa a yi magana da maƙwabta da mai unguwa, a sa ranar tsintar ruɓaɓɓu tare.