Zaɓe Kafin Cikar Wa'adi: Dalilan Gwamnati Mai Rauni da Matsalar Faɗarsu da Hausa

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 2024, Birtaniya da Faransa da Senegal duk sun gudanar da zaɓen majalisar dokoki kafin cikar wa'adinta. Bahaushen da ya saurari waɗannan labarai a gari kamar Suleja ba zai rasa yin mamaki ba, musamman game da ƙasashe biyun farko, inda masu mulki suka kira zaɓe a daidai lokacin da farin jininsu ya dusashe. Abin da ya saba gani shi ne mai mulki ya nemi ƙarin lokaci, har ma harshensa ya tanadar wa wannan ɗabi'a suna, wato "tazarce". Yaya za a yi wanda jama'a suka gaji da shi ya matso da ranar hisabinsa da hannunsa? Manufar wannan maƙala ita ce bayyana lissafin da ke sa gwamnati mai rauni yin haka, ta hanyar nazarin abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar tsakanin 1994 da 1996, sannan a duba ko kalmomin da ake fassara wannan al'amari da su suna isar da ma'anarsa ga mai sauraro a Nijeriya.

2.0 Tsarin da ke Ba da Wannan Dama

Ba kowace gwamnati ke iya matso da zaɓe ba. A tsarin firayim minista, gwamnati na rayuwa ne muddin tana da rinjaye a majalisa, don haka ake bai wa shugaban ƙasa ko sarki ikon sallamar 'yan majalisa a koma wurin masu ƙuri'a idan al'amura suka cije. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai san wannan ba. Sashe na 64 ya yanka wa Majalisar Tarayya shekara 4 daga ranar zamanta na farko, sashe na 132 kuwa, bayan gyare-gyaren da aka yi masa, ya ce a yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin ƙarewar wa'adi, kuma hukumar zaɓe ce ke sa rana.

Tarihin Suleja kansa ya isa misali. Zaɓuɓɓukan tarayya na Disamba 1959 da Disamba 1964, waɗanda aka yi bisa tsarin firayim minista, sun sami garin yana amsa sunan Abuja, a cikin Lardin Neja na Jihar Arewa, kuma maza kaɗai ke jefa ƙuri'a a Arewa a wancan zamani. Sai bayan da aka ƙirƙiro Jihar Neja da sabon babban birnin tarayya a 1976 garin ya saki sunansa ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Ke nan, tun da ake kiran garin Suleja ba a taɓa yin zaɓe a cikinsa bisa tsarin da ya yarda da sallamar majalisa ba, kuma babu macen garin da ta taɓa jefa ƙuri'a a irin wannan tsari. Abin da mutanensa suka sani shi ne ɗage zaɓe: na majalisa a 2011 daga 2 zuwa 9 ga Afrilu, wanda a jajibirinsa, ran 8 ga wata, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe da ke garin ya halaka mutane da dama, na 2015 da aka ɗage mako 6, da na 2019 da aka ɗage mako guda.

Duk da haka Nijeriya ta taɓa ganin yunƙurin. A watan Mayu 1962, da Cif S. L. Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, ya ɓata da jam'iyyarsa ta AG, ya nemi Gwamna, Sarkin Ife Adesoji Aderemi, ya rushe majalisar jihar a sake zaɓe. Gwamna ya ƙi, ya kuma sauke shi bisa wata takarda da wakilai 66 cikin 124 suka sa wa hannu. Rikicin ya kai ga dokar ta-ɓaci ran 29 ga Mayu. Abin lura a nan shi ne wanda ya rasa goyon bayan majalisa shi ne ya nemi a koma akwati, domin can ne kaɗai ya hango mafita.

3.0 Nijar, 1993 zuwa 1996

Tsarin mulkin da 'yan Nijar suka amince da shi ran 26 ga Disamba 1992 ya kwaikwayi na Faransa: shugaban ƙasa jama'a ke zaɓensa, firayim minista kuwa sai da yardar majalisa yake zama, kuma shugaba na iya rushe majalisar. A zaɓen Fabrairu 1993 jam'iyyar MNSD-Nassara ta Tanja Mamadu ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, amma ƙawancen AFC ya tara 50, daga ciki CDS-Rahama na da 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. (Ya kamata masu nazarin harshen siyasa su lura da yadda duk manyan jam'iyyun nan suka ɗauki laƙabin Hausa, abin da takwarorinsu na Nijeriya ba su yi ba a rajista.) A watan Maris Mahaman Usman na CDS ya kayar da Tanja a zagaye na biyu, ya naɗa Mahamadu Isufu na PNDS firayim minista.

Gwamnatin ta gaji baitulmali wayam. Albashin ma'aikata na ta taruwa ba a biya ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN na yajin aiki, tawayen Abzinawa na ci a arewa, sannan a Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. A cikin wannan hali ne, a Satumba 1994, shugaba ya fitar da wata doka da ta rage ikon firayim minista. Isufu ya yi murabus ran 28 ga wata, jam'iyyarsa ta fice daga ƙawance ta haɗa kai da MNSD. Lissafin ya juye nan take: ɓangaren shugaba ya sauko daga 50 zuwa 37, 'yan adawa suka hau daga 33 zuwa 46. Sabon firayim ministan da ya naɗa daga jam'iyyarsa, Sule Abdulaye, bai yi mako uku ba majalisa ta kayar da shi da ƙuri'ar yanke ƙauna ran 16 ga Oktoba. Kashegari shugaba ya rushe majalisa.

To, mene ne dalilinsa? Hanya biyu ce kawai a gabansa. Ta farko, ya naɗa firayim minista daga sabbin masu rinjaye, wato ya miƙa gwamnati ga jam'iyyar mutumin da ya kayar shekara ɗaya da rabi da ta wuce, ya zauna fiye da shekara uku yana sa hannu a kan abin da wasu suka tsara. Ta biyu, ya yi caca. Kujeru 42 ke ba da rinjaye, yana da 37, ke nan 5 kaɗai yake nema, ga shi kuma ragamar hukuma na hannunsa, kujerarsa ta shugaba kuwa ba ta cikin abin da za a zaɓa. Idan ya ci, ya huta. Idan ya faɗi, ya koma inda yake tun farko. A tawa fahimtar, wannan shi ne jigon al'amarin baki ɗaya: gwamnati mai rauni ba ta kwatanta zaɓe da zaman lafiya, tana kwatanta shi ne da abin da ke jiranta in ba a yi zaɓen ba.

An yi zaɓen ran 12 ga Janairu 1995. CDS ta ƙaru zuwa 24, MNSD ta tsaya a kan 29, PNDS ta sami 12, ANDP ta sauko zuwa 9. Da aka haɗa da ƙananan jam'iyyu, ɓangaren shugaba ya tashi da 40, 'yan adawa 43. Kujeru 2 suka rage masa. Waɗannan alƙaluma na nuna inda lissafin ya gurgunce. Sake zaɓe na amfani ne inda masu ƙuri'a ke canza ra'ayi, alhali a Nijar ta lokacin kowace jam'iyya da yankinta: CDS a Damagaram da Maraɗi, PNDS a Tawa, ANDP a Dosso. An tambayi mutane tambayar da suka riga suka amsa a 1993, suka maimaita amsarsu.

Kuma bai koma inda yake tun farko ba, domin ya riga ya harba kibiyarsa: tsarin mulki ya hana a sake rushe majalisa sai bayan shekara guda. Ya gwada naɗa Amadu Sise, ma'aikacin Bankin Duniya, majalisa ta kayar da shi a cikin Fabrairu, dole ya karɓi Hama Amadu na MNSD, Isufu kuwa ya zama shugaban majalisa. Daga nan aka shiga zaman doya da manja, ana jayayya a kan wanda ke da ikon kiran taron ministoci da naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati. Da shekarar hanin ta cika, aka shiga raɗe-raɗin za a sake rushe majalisa. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da shugaba da firayim minista da majalisar gaba ɗaya.

4.0 Sauran Dalilai

Ba kullum rashin rinjaye ke jawo haka ba. Wata gwamnatin tana da rinjaye, amma ta hango gobe ta fi yau muni, sai ta ga gara ta tari aradu tun da sauran ƙarfinta. Jacques Chirac ya rushe majalisar Faransa a 1997, saura shekara guda wa'adinta ya cika, yana gudun tsuke bakin aljihun da shiga kuɗin yuro zai tilasta. Ya faɗi, ya zauna shekara 5 da Lionel Jospin a matsayin firayim minista. Wata kuma so take ta shammaci abokan hamayya kafin su kimtsa, kamar Theresa May a Birtaniya a 2017, wadda ta tafi neman ƙari ta dawo babu ko rinjayen da take da shi. Akwai mai son mayar da rigima ɗaya ta zama ita ce tambayar zaɓe, kamar Edward Heath a Fabrairu 1974 lokacin yajin aikin masu haƙar kwal, shi ma ya sauka da kujeru 297, Leba na da 301.

Kada a ɗauka cacar ba ta taɓa ci. Pedro Sánchez na Sifaniya ya sha kaye a zaɓen yankuna a Mayu 2023, kashegari ya kira babban zaɓe na 23 ga Yuli, ya kuma ci gaba da mulki. Jinkiri ma na da nasa haɗari: James Callaghan ya ƙi kiran zaɓe a ƙarshen 1978, yaje-yajen aiki suka biyo baya, majalisa ta kayar da shi da ƙuri'a ɗaya tal a Maris 1979. Senegal kuwa ta fi kusa da Nijar a siffa, amma ta bambanta a lokaci. Bassirou Diomaye Faye ya rushe majalisar da ya gada a Satumba 2024, wata 5 da hawansa, tun jama'a na ɗokinsa, jam'iyyarsa ta sami kujeru 130 cikin 165. Mahaman Usman ya yi nasa ne bayan wata 18 na bashin albashi.

5.0 Matsalar Kalmomi

Jimlolin da aka fi ji a labarai su ne irin waɗannan:

(1) Shugaba ya rushe majalisa.
(2) Gwamnati ta kira zaɓen gaggawa.

Aikatau "rushe" ɗan aji na huɗu ne bisa rabon Parsons, daga tushen da ya ba da "rusa", an ganɗanta /s/ ta koma /sh/ kafin wasalin /e/. Aikatan wannan aji sukan nuna cikar aiki har ƙarshe, asalin amfaninsa kuma a kan gini ne: ganuwa ta rushe, an rushe kango. Abin da aka rushe ba a sa ran ganinsa nan da wata uku. Tarihi ya ƙara wa kalmar nauyi, domin duk lokacin da ɗan Nijeriya ya ji ta game da majalisa, a Janairu 1966 da Disamba 1983 da Nuwamba 1993, daga bakin soja ya ji ta. Saboda haka jimla ta (1) na iya sa mai sauraro a Suleja ya zaci shugaban Faransa ya yi wa tsarin mulki juyi, alhali sashe na 12 na tsarin mulkin ƙasar ya bi. Mutumin Maraɗi ya fi shi sanin fuskokin kalmar, don ya ga rushewar 1994 da ta kai ga zaɓe, da ta Tanja a Mayu 2009 da ta share fagen tazarce, da ta soja bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ina ganin "sallami" ya fi dacewa inda doka ce ta ba da iko, tun da wakilai ake sallama su koma gida neman ƙuri'a, majalisar kuwa tana nan. A bar wa soja "rushe".

"Gaggawa" a jimla ta (2) ita ma tana da tata illa. Abokan tafiyarta su ne "agaji" da "taro" da "sashen asibiti", duk masu nuna wata masifa da ta auko daga waje, alhali sau da yawa zaɓen dabara ce da aka ƙulla a ɗaki. "Zaɓe kafin wa'adi" bai ɗauki ɓangare ba, ya kuma dace ya zama sunan gama-gari. A ƙarƙashinsa Hausa na iya rarrabe abin da bayanin da ya gabata ya rarrabe: "zaɓen ba-zata" ga irin na May da Chirac, inda mai rinjaye ya zaɓi ranarsa, da "zaɓen tilas" ga irin na Callaghan da na Nijar, inda majalisa ta riga ta juya baya. Dangane da ranar zaɓen kanta, kishiyar "ɗage" ita ce "matso da", sai dai a kula: ɗagewa a Nijeriya aikin hukumar zaɓe ne kuma ba ya taɓa wa'adin kowa, matsowa kuwa tana yanke wa'adin majalisa sukutum, har da na 'yan jam'iyyar wanda ya kira zaɓen.