Me ya sa fihirisa ke ɓacewa idan an gyara haruffa masu ƙugiya?

Yau batun namu ya ɗan shiga ɗakin buga littafi, amma tushensa haruffanmu ne: ɓ, ɗ, ƙ da 'y.

Kwanakin baya na leƙa wani shagon tsara littattafai a wajen Unguwar Kanawa, nan Kaduna, na tarar da mai aikin ya dafe kai. Littafin tarihi ne aka ba shi, marubucin ya ɗauki lokaci yana bincike a Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, ga shi ana so a raba littafin a matsayin PDF. A ƙarshensa akwai fihirisa, wato jerin sunaye da kalmomi tare da lambar shafin da kowanne ya fito. Ƙa'ida ita ce idan ka danna lambar, ta kai ka shafin. To, wasu lambobin ko an danna shiru, wasu su kai ka wani shafi daban, sannan Ɗanfodiyo ya fito a matsayin Xanfodiyo, can ƙasa bayan W.

Wannan X ɗin ita ta tona asirin matsalar.

A shekarun 1990 kwamfuta ba ta zo mana da haruffa masu ƙugiya ba. Masana suka nemi mafita, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa, wato fon, mai ɗauke da su, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima sosai. Dabarar yawancin fon na wancan zamani ita ce a ari maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi: ka danna q a nuna maka ƙ, ka danna x a nuna ɗ, ka danna v a nuna ɓ. Ido yana ganin ƙasa, amma abin da kwamfuta ta ajiye a cikinta qasa ne. Da an sauya fon, sai rigar ta faɗi. Shi ya sa har gobe kake cin karo da "xaya" da "qungiya" a kundayen ɗalibai.

Yanzu kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199. Manya kuma lambarsu daban, Ƙ U+0198 ce. Kwamfuta lamba take karantawa, ba siffa ba. A wurinta k da ƙ ba su haɗa komai ba, kamar dai yadda kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ba abu ɗaya ba ne a wurin Bahaushe.

To ina ruwan wannan da fihirisa? A manhajar InDesign, idan ka sa kalma a fihirisa, ana dasa wata ɓoyayyiyar alama a gefen kalmar a cikin rubutu. Alamar ce ke riƙe da sunan da za a jera, ita ce kuma ke faɗin shafin. Abin da mai shagon ya yi shi ne, ya maye gurbin kowace x da ɗ a cikin littafin, ya ga komai ya yi kyau. Amma wannan gyaran jikin rubutu kawai yake taɓawa. Sunan da ke cikin alamar yana nan yadda aka shigar da shi tun farko, don haka sai an buɗe akwatin fihirisar an gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu ya fi ciwo. Wasu sakin layi ya ga gyaransu ya yi yawa, sai ya goge su ya sake bugawa, wasu kuma ya kwafo sabo daga WhatsApp ya liƙa. Duk inda aka yi haka alamar ta tafi tare da tsohon rubutun. Lambar shafi tana nan a tsohuwar fihirisa. Kafin ka goge komai, danna Ctrl+Alt+I don ɓoyayyun alamomi su bayyana, ko ka buɗe rubutun da Ctrl+Y, a nan sun fi fitowa sarai.

Sai kuma 'y, wadda ita ce sarauniyar rikici. Mu a Nijeriya muna rubuta ta da alama a gaba, 'yan uwanmu na Nijar kuma suna rubuta ƴ, harafi guda. Alamar nan da muke sawa kala-kala ce a kwamfuta: akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasa dama, akwai mai lanƙwasa hagu. Word da InDesign sukan ɗauka za ka buɗe zance ne, sai su juya ta da kansu idan ta zo a farkon kalma. Sakamakon haka 'Yandoto na iya fitowa sau biyu ko uku a fihirisa ɗaya, kowacce da rabin shafukan, kuma sau da yawa ba a ƙarƙashin Y ba, can sama cikin alamomi. Ni dai shawarata, a zaɓi guda ɗaya tun daga shafin farko a tsaya a kanta. Masu aiki da Word kuma su sani, sunan da ake ba alamar wuri dole ya fara da harafi, ba ya karɓar wannan alama ko tazara. Ka rubuta yan_kasuwa a can ciki, mai karatu ba ya ganinsa. Idan aka goge wurin da alamar take, shi ne Word ke rubuta maka "Error! Bookmark not defined" a maimakon lambar shafi.

Jeri ma da sauran aiki. A Hausa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k, amma manhajar ba ta san wannan ba. Akwai gurbin da ake kira Sort By a gefen kowane suna. Abin da ka rubuta a ciki ba ya fitowa a littafi, jeri kawai yake gyarawa. Don ƙasa ta zo bayan duk kalmomin k, sai ka rubuta kzzasa. Ɗanfodiyo kuma dzzanfodiyo. Dabara ce ta gargajiya, tana cin lokaci, amma tana aiki.

Bayan duk wannan kada ka gyara lambobin fihirisa da hannu. A sake fitar da ita gaba ɗaya ta maye gurbin tsohuwar. Idan littafin babi-babi ne a fayil daban-daban, a fitar da PDF ɗin daga akwatin littafi a dunƙule, kada a fitar da kowane babi shi kaɗai a zo a liƙa, domin mahaɗan da ke tsallaka babi a nan suke tsinkewa. A tabbata kuma an sa alama a gurbin Hyperlinks lokacin fitarwa. Sunan fayil kuwa, gara a bar shi ba ƙugiya: ƙ guda ɗaya a adireshin intanet tana komawa %C6%99, kuma idan aka sauya sunan babi bayan an ɗaura mahaɗi, sai an sake ɗaurawa.

Mai shagon nan ya kwashe yini biyu yana sake dasa alamomin da suka ɓace. Da muka gwada a waya, Ɗanfodiyo ya koma bayan D, aka danna lambar shafinsa, ta kai mu inda yake.