Ƙaramin Madubin Hangen Nesa da Duban Sabon Wata

Duban sabon wata nauyi ne da ke wuyan Hakimai, domin su ke karɓar shaidar talakawa su kai wa Sarki, shi kuma ya isar ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. In shaida ta ɓaci, azumin jama'a ko Sallarsu ta ɓaci. Ƙaramin madubin hangen nesa yana da amfani ga wannan aiki, amma sai ga wanda ya koyi riƙonsa tun da wuri.

A ƙasar Holan aka fara ƙera irin wannan madubi a 1608. A 1610 wani masani na ƙasar Italiya, Galileo, ya hangi watanni 4 suna kewaya tauraron Mushtari da shi. Madubi mai arha na yau, wanda faɗin gilashinsa ya kai inci 2½ ko 3, ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba.

A cikin birnin Kano gidaje sun cushe, ga hayaƙi, ga hasken fitilu. Saboda haka ya kyautu a hau Dala ko Goron Dutse, ko soro mai tsawo wanda yammacinsa ke buɗe. Lokacin da ya fi dacewa da koyo shi ne kaka, watau Oktoba da Nuwamba. Da damina gajimare kan rufe sama, da hunturu kuwa hazo.

Mai koyo ya fara da wata ɗan kwana 7, sa'an da duwatsunsa da ramukansa kan fito sarai. Ya kafa ƙafafun madubi a wuri mai ƙarfi, ya sa gilashin ido mafi rauni, mai ƙara girma kamar sau 25, don da shi aka fi saurin samun abin da ake nema. Daga nan sai ya gwada Kaza da 'Ya'yanta. Ido kan ƙirga taurarinta 6 ko 7, madubi kuwa ya nuna gommai. In abin ya zame daga gilashi bayan 'yan mintoci, juyawar duniya ce, sai a ɗan karkata madubin a bi shi.

Ran 29 ga wata, magatakarda ya kiyaye abu uku.

1. Kada a buɗe madubi sai rana ta faɗi sarai. Wanda ya dubi rana da shi, ko da a lokacin husufi, idonsa na iya mutuwa nan take.

2. Tauraruwa Zara, wadda ake kira matar wata, wani lokaci takan fito cikin madubi a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Bambancinsu shi ne, ga ido tsurarsa Zara ɗigo ce mai ƙyalli.

3. Madubai da yawa kan kifar da hoto. Bayan jinjirin wata kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi, ko da gilashi ya nuna akasin haka.

A rubuta lokacin da aka gani, da wurin, da sunayen shaidu, da kuma ko da ido aka gani ko da madubi, a aika nan da nan. Madubi taimako ne kawai. Sanar da kamawar wata yana hannun Sarkin Musulmi.