Motar lantarki: ka tambayi batirin kafin ka tambayi kuɗin



Kwanakin baya ina zaune a Farfaru, bakin iyakar Jibiya, wani yayana direba mai jigilar fasinja zuwa Maraɗi ya ce min, "Ƙanena, kai da ka yi boko, in sayar da motata in sayi mai lantarki 'yar Kwatano?" Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ke cinye ribarsa. Na ce masa, Yaya, wane irin batiri ne a cikinta? Ya yi shiru. To wannan shirun shi ne shirinmu na yau.

Batirin motar lantarki ba irin na darma ba ne da muke sa wa sola, wanda caji 300 zuwa 500 ke gamawa da shi. Na litiyam ne, kuma kala biyu suka fi yawa.

Na farko NMC, wato haɗin nikel da manganis da kobalt. Ba shi da nauyi sosai, yana kai mota nesa a caji ɗaya. Amma yana da tsada, ba ya son zafi, kuma yawanci caji cikakke 1,000 zuwa 2,000 yake yi kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Shi ya sa ake cewa ka tsaya a kashi 80, kar ka riƙa cika shi kullum.

Na biyu LFP, haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet. Ya fi nauyi, tafiyarsa ba ta kai ta NMC ba, amma ya fi arha, ya fi jure zafi, ba ya saurin kama wuta, kuma yana iya wuce caji 3,000. Shi kamfanin BYD na Chana yake sa wa motocinsa da yawa, Tesla ma na sa shi a wasu.

Me ya sa nake ta maimaita zafi? Kun san Afirilun Jibiya, maki 40 wasa ne. Zafi na tsufar da batiri ko mota na ajiye. Tsohuwar Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010, ba ta da ruwan sanyaya batiri. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin namu, suka yi ta kuka batirinsu ya ragu da wuri.

Yawancin kamfanoni garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 suke bai wa batiri. Motar da ta shekara goma a Turai ta riga ta fita daga wannan, kuma batiri shi ne abu mafi tsada a jikinta. Idan ya mutu, kai da aljihunka.

Don haka na ce wa Yaya ya tambayi abu uku: kalar batirin, kashi nawa na ƙarfinsa ya rage idan aka gwada da na'ura, sannan yana da ruwan sanyaya ko babu. Na huɗu kuma kansa zai tambaya: a ina zai yi caji tsakanin Katsina da Maraɗi?

Har yanzu bai sayar da motar ba, yana bincike. Ku fa, da kun ba shi wace shawara? Sai mun haɗu a shiri na gaba.